Keken dutse na gwanjo da neman shokozobar baya

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau na ga keken. Tun bara nake yi wa wani mai sayar da kekunan gwanjo naci cewa duk ranar da aka sauke masa kaya ya ga keken dutse na gaske, mai shokozoba gaba da baya, ya kira ni kafin 'yan Abuja su ji ƙamshi. Da hantsi sai ga wayarsa: "Malam, abinka ya iso, amma kada ka zo mini hannu rabbana." Ko shayin ban ƙarasa ba na tari napep.

Shekara shida ke nan ina hawan keke mai sandararren baya, shokozoba a gaba kawai. Ya yi mini halacci, sai dai duk Asabar ɗin da na gangaro daga duwatsun Shere sai na kwana biyu ina ruku'u ina dafe da ƙugu. Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan wanda bayansa ma ke lotsawa. Ba kuma irin waɗanda suka cika kasuwa nake nufi ba, masu jan sifirin na ado a tsakiya, in ka ɗaga ka ce rabin buhun siminti ne, in ka hau su yi ta rawa kamar tsohon gadon ƙarfe. Wannan daban yake. Firam ɗin alminiyon, wili mai inci 27.5, birkin mai, giya 11 a baya, ƙirar 2015. An rubuta 150 a jikinsa, wato wilin baya na iya tashi sama milimita 150 kafin ya ƙure.

Na kunna tocilar waya na bi kowace walda: wuyan keken, gindin sirdi, inda shokozoba ke kamawa, da ƙarafan da suka riƙe wilin baya. Tsaga a alminiyon siririya ce kamar gashi, kuma fenti kan ɓoye ta. Ban ga ko ɗaya ba. Na bi sandunan fok, wato shokozobar gaba da ke riƙe wili, da farce, sumul suke. Na ɗaga sirdi a hankali ina saurare, na ji ɗan "ƙwas" can ƙasa, alamar wani abu na wasa. A bayan bututun da sandar sirdi ke shiga kuma akwai wani wuri da fenti ya goge, ya yi baƙi. Mai shagon ya ce gogar kwantena ce. Na yarda, don ina son in yarda.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ya sa 950,000. Na taya 500,000, ya ce albarka, har da juya mini baya. Na kawo masa "ƙwas" ɗin nan da tayar baya da ta suɗe, shi kuma ya kawo mini dala da ta haura 1,600. Bayan la'asar aka sallama a 680,000.

Da na turo shi tsakar gida uwargida ta zagaya shi sau ɗaya ta ce, "Maigida, wannan ai kuɗin babur ne. Shi kuma babur ba da ƙafa ake tura shi ba." Ban tanka ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Hawan farko, daga wajen dam ɗin Lamingo zuwa gindin duwatsu. Minti ashirin na farko na yi ta murmushi ni kaɗai. Daga nan murna ta fara komawa ciki.

Feda na ta bugun dutse a wuraren da tsohon kekena ke wucewa lami lafiya. Na ce wataƙila haka masu lotsawa suke, tunda an ce sun fi kusa da ƙasa. Sannan bayan yana harbi kamar jaki: in na faɗa rami sai ya cilla ni gaba, ƙafata ta bar feda. Na murɗa jan maɓallin da ke rage saurin dawowa har ƙarshe, babu abin da ya sake. Duk lotsawa kuma sai in ji "cakwal, cakwal" kamar mai tafiya da jiƙaƙƙen takalmi. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani ɗan tudu da bai kai gwiwa ba. Na dira, sai na ji "zzzt", keken ya ɗan ƙame na ƙiftawar ido. Na sauka na duba. Baƙin wurin nan na bayan bututun sirdi ya yi sabon sheƙi, da ƙurar roba a kai.

Ashe ba kwantena ba ce. Taya ce.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na kai wa Baba mai gyara. Tun zamanin Raleigh da Phoenix yake wannan sana'a, kuma ba ya fargabar abin da bai taɓa gani ba. Wannan ne alherinsa, shi ne kuma abin da ke sa in tsaya a kansa.

Kafin a taɓa kowane noti na saki iskar shokozobar gaba ɗaya ta bawul. Wannan ba wurin ganganci ba ne, iskar da ke ciki ta ninka ta tayar mota sau biyar ko shida. Muka zare ta, muka ɗaga wilin baya sama da ƙasa da hannu. Maimakon ya tafi sululu, sai gurzawa kamar mai tauna shinkafa da tsakuwa. Boris ne. Guda takwas ne a wannan firam, don irin ginin nan ne mai gaɓa huɗu, wanda ke da mahaɗa ɗaya a gaban tsakiyar wilin baya, ɗan ƙasa kaɗan. Da sunan Horst Leitner ake kiransa, mutumin da ya fito da shi. Kamfanin Specialized ya daɗe yana riƙe da haƙƙin ƙirar a Amurka, da wa'adin ya ƙare kuwa kowa ya shiga yi. Biyar daga cikin takwas ɗin sun mutu murus, ɗaya ma tsatsa ce kawai ta riƙe shi.

Sai ita kanta shokozobar. Aiki biyu take yi, kuma sai yau na zauna na rarrabe su sosai a kaina. Na farko ɗaukar nauyi, wannan aikin iskar da ke cikin gwangwanin ne, ko sifirin ɗin ƙarfe a wasu. Na biyu hana zabura, wannan kuma aikin mai ne, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi da wasu faya-fayan ƙarfe sirara kamar reza. Can ƙarshen ciki akwai wani fistin da ke raba man da iska mai matsi, don kada su gauraya. In suka gauraya mai ya zama kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe komai. Cakwal ɗin da na ji ke nan. Da na danna ta da hannu sai ta tafi kusan faɗin yatsa fayau babu turjiya. Wannan kaɗai da gyara ne. Amma a jikin sandar akwai ƙarzuwa mai zurfin da farce ke maƙalewa, kuma duk sabuwar robar da aka sa, wannan ƙarzuwar za ta yanka ta.

Baba ya jujjuya ta ya ce, "Ɗana, a huda nan a ɗura mata baƙin mai, a toshe. Haka muke yi wa ta babur." Na ce, "Baba, a yi haƙuri da wannan tukuna." Ya ce to, kuɗina ne.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na auna tsohuwar da baniya, ma'aunin nan na makanikai mai baki biyu. Daga tsakiyar ido, wato ramin da ake ɗaure ta da noti a kowane ƙarshe, zuwa tsakiyar ɗaya idon milimita 190, tafiyar da sanda ke yi in ta lotsa kuma 51. Ƙanin uwargida da ke Manchesta zai zo gida farkon Janairu, don haka na samo wata 190 da 51 a eBay na tura masa. Ya ce, "Yaya, bari sai Litinin in an yi albashi."

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Allah ya yi wa jinkirin albashin nan albarka.

Daren jiya na kasa barci saboda maganar taya. Kamfanin da ya zuba kuɗi ya ƙera firam ba zai bar taya ta riƙa cin bututu ba, ko da shokozoba ta mutu. Na yi ta tono a intanet har na samo littafin firam ɗin na shekararsa. A shafin ma'auni an rubuta ɓaro-ɓaro: 200 da 57. Wato wadda ke jiki ba tasa ba ce. Wani a can Turai, ko a hanya, ya cire ta asalin ya liƙa wadda ya samu, ni kuma na auna ɓarawo ina shirin sayo masa ƙani.

Lissafin ba shi da wuya in an zauna. Ta asali in ta lotsa har ƙarshe tsawonta 200 a cire 57, saura 143. Wadda aka liƙa, 190 a cire 51, saura 139. Bambancin milimita huɗu ne kacal, amma wilin baya ba ya tafiya daidai da shokozoba, ninkawa yake. A raba 150 da 57, za a samu kusan 2.6, ma'ana duk milimita ɗaya a shokozoba ya zama biyu da rabi da ɗoriya a wili. Huɗun nan sun zama goma, kuma goman nan su ne ratar da maƙerin ya bari tsakanin taya da bututu. Haka nan gajartar milimita goma a tsaye ta sa bayan keken ya zauna ƙasa da wajen 26 tun kafin in hau. Ga amsar feda da dutse.

Da na koma nema da 200 da 57 sai na tarar kasuwar ta yi ƙaura ta bar ni. Wannan tsohon ma'auni ne na inci, 7.875 da 2.25. A 2016 RockShox da wasu kamfanoni irin su Cane Creek, Manitou, DVO, SR Suntour da X-Fusion suka fito da sabon tsari na milimita zalla: 190 da 45, 210 da 50 ko 55, 230 da 60 ko 65. Akwai kuma masu kamawa ta kumatu, waɗanda noti biyu ke shiga gefe da gefe a kai maimakon ido, su kuma sun fi gajarta da milimita 25, irin su 185 da 55 ko 205 da 65. Yawancin kekunan da aka yi bayan nan sabon tsarin suke bi, shi ya sa 210 da 55 suka cika ko'ina, sababbi fil, wasu ma sun fi tsofaffin araha. Na daɗe ina kallon wata. Goma ce fa kawai ta ɗara. Amma goman nan ita ce ta jiya, an juyo ta sama: baya ya ɗage da 26, kan keken ya tsaya ƙyam ya rasa natsuwa a gangara, kuma babu tabbacin gaɓoɓin ba za su bugi firam ba in ta miƙe. A sayar da biri a sayi kare ke nan. Na rufe shafin.

Talata, 3 ga Disamba

Kwana tara ina kokawa da zuciyata a kan shokozoba mai sifirin ɗin ƙarfe.

Gaskiya ita nake so. Galibin hotunan keken gangara da ka gani da ita suke, kuma ba ado kawai ba ne. Ba ta da robobin riƙe iska masu kama sanda, saboda haka ƙananan tsakuwa ma tana lashe su. Zafi bai dame ta kamar mai iska ba, ba ruwanta da famfo, kuma a ƙasar da ba ka da mai gyara, abin da ba ya sace iska abin so ne. Kamfanin Marzocchi, wanda ke hannun kamfanin Fox tun 2015, yana da Bomber CR a ma'aunina, kuma kuɗinta bai kai na manyan ba. Har na yi lissafin sifirin. Ni da kayana kilo 82 ne, kusan kashi 65 cikin ɗari na nauyin a baya yake, a ninka da 2.6, a raba da lotsawar da ake so, ya faɗo kusa da mai lamba 450, lambar da ke nuna taurin sifirin. Galibi hamsin-hamsin lambobin ke hawa, in ka kuskure sai ka sake sayen wani sifirin, a sake jiran mai zuwa daga Ingila.

Abu biyu suka raba ni da ita, kuma duka biyun a tsakar gidana na gano su.

Na farko, ƙarfin sifirin ɗin ƙarfe miƙaƙƙe ne, yadda santimita ta farko take haka ta ƙarshe. Iska kuwa tana ƙara tauri yayin da ake matse ta. Saboda haka mai sifirin na bukatar firam ɗin da shi da kansa yake ƙara turjiya wajen ƙarshe, wato wanda ninkinsa ke raguwa sosai. Na rataye keken a reshen mangwaro, babu shokozoba a jiki, na riƙa tura littattafan makarantar yara ƙarƙashin tayar baya, santimita ɗaya bayan ɗaya, ina auna ratar da ke tsakanin ramukan noti biyu, babbar 'yata tana rubutawa. Ba aikin injiniya ba ne, reshen ma yana ɗan lilo, amma sau uku muna maimaitawa amsa na fitowa kusan ɗaya: ninkin ya fara a wajen 2.75 ya ƙare a wajen 2.5. Raguwar ba ta kai kashi goma cikin ɗari ba. An ƙera firam ɗin ne da niyyar iska ta ƙarasa masa aikin. In na sa ƙarfe, ko dai in riƙa ƙurewa da ƙara a kowane tsalle, ko in sa sifirin mai taurin da zai kashe daɗin da na saye ta dominsa.

Na biyu ya fi sauƙi. Bomber mai goyo ce, tana da ƙaramin tulun mai a gefe. Na yanka kwalin indomi daidai girmanta na gwada a firam. Ta wannan fuska goyon na taɓa bututun ƙasa in an lotsa, ta ɗaya fuskar kuma yana zaune daidai inda gorar ruwa take. Wanda ya taɓa hawa Shere a watan Maris ya san ba a cinikin gorar ruwa.

Wannan kwalin ya kashe maganar duk masu goyo, har da masu iskar irin su Monarch Plus da DPX2. Kuma in don Allah ne, amfanin goyo shi ne ƙarin mai don kada ya yi zafi a doguwar gangara. Gangarata mafi tsawo ba ta wuce minti shida.

Alhamis, 12 ga Disamba

Saura biyu: Fox Float DPS da RockShox Monarch RT3. A kan hanya ba na jin ƙafata za ta bambance su. Abin da ya yanke hukunci shi ne ranar gyara. Fox sun ce a yi wa tasu cikakken sabis duk awa 125 ko shekara guda, kuma bayan fistin ɗinta naitirojin ake ɗurawa da allura, aikin shagon da ke da kayan. Ita Monarch akwai ɗan ƙaramin kan da ake ɗaurawa a cika wurin da famfon shokozoba na hannu, littafin gyaranta kuma SRAM, kamfanin da ya mallaki RockShox, sun sa shi kyauta da hotuna mataki-mataki. Daga Jos, wannan ya fi mini kowane maɓalli.

Na sa ƙanin nawa ya tambayi mai sayarwa hoton sanda ta kowane gefe, da hoton 'yar takardar da ke jiki mai ja da shuɗi. Jan na dawowa ne, shuɗin na matsawa, kowanne da harafin da ke nuna yadda aka tsara faya-fayan ciki. M da M ne, matsakaici, daidai da abin da littafin firam ya nema. An biya fam 95. Na haɗa da robobin sabis kashi biyu, man gwangwani, jajayen zobban rage ciki, bushin, ƙarafan da ake zurawa a idon shokozoba masu faɗin milimita 22.2 guda biyu, da famfo mai kai psi 300 a ma'aunin matsin iska. Uwargida ta ce kayan yaranta fa su ne a gaba a akwatin.

Asabar, 21 ga Disamba

Ranar boris. Na zaga Dilimi da tsofaffin a leda, na samu 6902 da 6802 ba wahala, tunda injuna da yawa na amfani da su. Na asalin irin waɗanda aka cika da ƙwallaye ne babu keji, don mahaɗar firam ba juyawa take ba, kai-komo take a wuri ɗaya da nauyi a kai. Waɗanda na samu na gama-gari ne. Ba za su daɗe kamar wancan ba, amma suna kusa kuma kuɗinsu kaɗan ne. Na ɓalle murfin robar kowanne da tsinin allura na cusa giris har ya tumbatsa.

Baba ya ɗauko guduma, na riƙe hannunsa. Da dogon noti da zobban washa da kan soket muka matse su ciki a hankali. Ya ce aikin minti goma na mai da shi na yini. Da muka gama ya ɗaga wilin da yatsa ɗaya ya sake shi, ya yi shiru, ya sake ɗagawa.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Ta iso a cikin safa, tsakanin takalman yara. Sandar kamar madubi.

Idon sama ya zauna daram. Na ƙasa kuwa rata ta rage har ana hango haske. Na auna: 30 ne, ba 22.2 ba. Sama kaɗai na auna a Nuwamba na ɗauka ƙasa ma haka take, alhali wanda ya liƙa tsohuwar zobban washa ya cusa ya cike gurbin, kuma asalin "ƙwas" ɗin ranar farko ke nan. Wannan kam ba ni da wanda zan ɗora wa.

Asabar, 11 ga Janairu

Mai injin feƙe ƙarfe ya fitar da ni. Na zana masa a takarda: bututun ƙarfe marar tsatsa, kaurin waje 12.7, wato rabin inci daidai idon shokozoba, ramin ciki 8, tsawo 30, da zobba biyu na alminiyon da za su tsare gefe da gefe. Na farko ya yi sako-sako, na biyu ya shiga da ɗan matsi yadda ake so. Ya tambaye ni na injin markaɗe ne, na ce na keke, ya dube ni ya dubi takardar.

Kafin in sa iska na danne sirdin har ƙasa. Tsakanin taya da bututu ɗan yatsana na shiga. Na numfasa.

Sai awon zama. Ana so in ka hau da kayanka ka natsu, shokozoba ta nutse kashi 30 cikin ɗari, wato milimita 17 daga 57. Monarch ta sauƙaƙa, an zana layukan a jikin sandar, zoben roba na nuna inda ka tsaya. Na fara da psi 180, na nutse har kusan kashi 40. Irin wannan gwangwanin mai faɗi yana da ɗaki biyu da ke daidaita kansu ta wata 'yar kwarmi, don haka duk ƙarin iska sai ka lotsa ta sau da yawa ka ji ɗan "fis", sannan ka sake aunawa. A 220 na tsaya a kan layin 30, ina dafe da katanga, ƙaramin ɗana na leƙa layin yana ba ni rahoto. Wani abin da ya ruɗa ni da farko: duk sanda na mayar da famfo sai in ga ta ragu da kusan goma, na zaci tana sacewa. Ba sata ba ce, tiyon famfon ne ke cika daga cikinta.

Asabar, 18 ga Janairu

Shere, bayan asuba. Garin Jos kansa ya kai mita 1,200 daga teku, ƙololuwar duwatsun nan kuma ta haura 1,800, ga hunturu. Wayata ta nuna digiri 11. Tun a hanya na ji keken ya yi laushi fiye da ranar Asabar ɗin da ta wuce, zoben ya wuce 33. Da rana tsaka na yi wancan awon, cikin zafin da ya kusa 30, kuma iska na ƙanƙancewa da sanyi. Wannan tazarar ta isa ta cinye kusan 15 daga 220. Man ma ya yi kauri, dawowar ta yi nauyi. Na ƙara iska kaɗan na bar sauran, don na san kafin ƙarfe goma rana za ta mayar da abinta.

A kan jan maɓallin an zana kunkuru a gefe ɗaya, zomo a ɗaya. Na kai shi ƙarshen kunkuru na riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, ina saukowa daga wani dakalin dutse a zaune. Wajen zomo sosai, sai ta yi tsalle biyu. Wajen kunkuru sosai, sai ta kasa miƙewa kafin dutse na gaba, ta yi ta shigewa har bayan ya zama katako. A danna na biyar ta lotsa, ta dawo, ta tsaya.

Ɗan tudun nan na Nuwamba na bi shi sau huɗu. Babu "zzzt". A gangarar da ke da duwatsu jere kamar matakala, inda da nake miƙewa tsaye ina addu'a, yau tayar baya manne take da ƙasa, har birkin baya ya fara yin aikin da ban san yana iyawa ba. Feda ta bugi dutse sau ɗaya, shi ma ni ne na taka a inda bai kamata ba.

Na yi sallar azahar ban dafa ƙugu ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sau biyu a makon nan zoben roba ya faɗo daga ƙarshen sanda, alamar na cinye tafiyar duka a wurin da bai kai ya kawo ba. Abin da littattafan yara suka faɗa ne tun Disamba. Ƙarin iska zai gyara ƙarshen ya ɓata farkon, don haka na saki iska, na zame rigar gwangwanin, na sa jajayen zobba biyu. Suna rage faɗin ɗakin iska ne, sai taurin ya zo da wuri wajen ƙarshe. Na gwada uku, sai ya zama ko na yi tsalle santimita guda na ragowa ban taɓa ba. Na koma biyu.

Makullin shuɗi mai matsayi uku kuwa, a kwalta kaɗai nake tuna shi. Sau ɗaya na kulle a hawa na manta, na gangaro rabin dutse ina zagin keken.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Awa 31 a littafina tun da aka ɗaura ta. RockShox sun ce a buɗe gwangwani duk awa 50, amma ba da ƙurar hunturun Filato suka yi lissafi ba, kuma azumi saura kwanaki, ba na son in bar ta wata guda da datti a ciki. Na shimfiɗa tsohuwar jarida a falo bayan yara sun kwanta, na saki iska har sau biyu don tabbatarwa, na murɗe gwangwanin da hannu. Bayan robar goge ƙura akwai jan zobe na laka, gari-gari kamar an niƙa bulo. Ciki kuwa tsaf. Na wanke, na shafa giris, na ɗiga mai, na mayar. Minti arba'in, har da neman wata robar da ta gangara ƙarƙashin kujera.

Jimillar abin da keken ya ci zuwa yau, har da sabuwar taya da sarƙa, ta ɗan haura 950,000, daidai kuɗin da mai shagon ya fara sawa. Uwargida ce ta lura da haka, ba ni ba.

Yanzu da baya ya yi shiru na fara jin fok yana ƙara in na taka birki da ƙarfi. Sai bayan sallah. Tsohuwar 190 tana rataye a ƙusa a rumfar Baba, ya hana a jefar. Ya ce har yanzu bai fid da rai da maganar baƙin mai ba.